Gemu Ba Ya Maganin Tsawa

Akwai aibin da namiji zai faɗa a majalisa, a yi dariya, a wuce. In ya ce shi mai son nama ne, ko mai nauyin barci, ko kuɗi ba sa kwana a aljihunsa, babu mai ɗaga kai ya dube shi. Nawa aibin ba ya cikin waɗannan. Ni tsawa nake tsoro, irin tsoron da ke sa gwiwa ta saki, miyau ya ƙafe, mutum ya manta yana da gemu da furfura da 'ya'yan da suka isa aure.

Da a wata ƙasa nake, da abin ya zo da sauƙi. To a Madawa nake zaune, cikin jihar Tawa, inda ruwan shekara duka bai cika wuce milimita 500 ba, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba ya ɗauke. Mutanen nan in hadari ya haɗu a gabas, fuskokinsu washewa suke yi. In ruwa ya yi jinkiri, liman ya fitar da jama'a bayan gari roƙon ruwa, yara da tsofaffi. Ni ma ina fita, ina ɗaga hannu, amin ɗina ma ta fi ta kowa ƙarfi. Abin da ban taɓa gaya wa liman ba shi ne akwai ƙarin bayanin da nake yi a zuci: Allah Ka ba mu ruwa mai albarka, amma Ka ba mu shi shiru, da tsakar dare, ina barci.

Babban abin takaicin, malamin makaranta ne ni, kuma ni ke koya wa yara wannan darasi. Ni ke tsayawa gaban allo in ce musu walƙiya da tsawa abu ɗaya ne, haske ne kawai ya fi ƙara sauri. Ƙara tana tafiyar mita 340 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka in ka ga walƙiya ka ƙidaya, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce tsakaninka da inda ta faɗi. Ni ke gaya musu tsawar da kunnenka ya ji ta riga ta kuskure ka. Ni ke ja musu kunne kada su fake gindin itace, kada su tsaya a fili ko cikin ruwa, kuma cikin mota mai rufin ƙarfe yana daga wuraren da suka fi aminci, don wutar jikin ƙarfen take bi ta sauka ƙasa. Yara su rubuta, su haddace, su ci jarrabawa. Ni da na koyar har yau ban ci ba. Ƙidayar daƙiƙa kam ina farawa, sai dai kafin in kai uku ta rikiɗe ta koma salati.

Na daɗe ina rufa wa kaina asiri. In hadari ya taso ina cikin aji, sai in tuna akwai muhimmiyar maganar da zan yi da shugaban makaranta, wanda ofishinsa ke da ƙaramar taga. In a majalisa ya same ni, sai alwala ta kama ni. Maƙwabtana har yabo suke yi, wai Malam in damina ta faɗi ibadarsa ƙaruwa take yi, ba ka jin komai daga ɗakinsa sai karatun Suratur Ra'ad. Uwargida ta daɗe da ganewa, amma mace ce mai rufin asiri. Da ta ga gabas ta yi baƙi sai ta ce wa yara, "Ku fito daga ɗakin babanku, zai yi lazimi." Ta saki labule, ta kife madubi, ta ja ƙofa. Tafiya kuwa, tun daga shuka har girbi ba na yin wadda ta wuce kasuwa. Ɗaurin aure, gaisuwar rasuwa, sada zumunci, duk sai kaka.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ranar da asirina ya tonu, su biyun suka same ni cikin mota ɗaya.

Ƙanwata ce ta haihu a Keita, garin mijinta, inda suka koma ba da daɗewa ba, garin da ban taɓa takawa ba. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, ni ne uba. Suna kuma ba ya jiran kaka. Tsakiyar watan Agusta ne, lokacin da hadari ke haɗuwa kusan kowane marece. Na laluba uzuri ban samu ba: makaranta tana hutu, jikina lafiya lau, kuɗin mota ma mijin ya aiko. Uwargida ta naɗe mini sabuwar tabarmar kaba irin ta Madawa, da turmin atamfa, da ɗan zanen goyo mai laushi na jariri. Da za ta miƙa mini jakar ta ce, ƙasa-ƙasa, "Malam, ka zauna tsakiya."

Tsakanin Madawa da Keita kilomita ɗari ne da 'yan kai, ta Buza. Lissafina shi ne in fita da sassafe, in isa kafin azahar, hadari ya zo ya tarar da ni cikin ɗaki. Na manta motar tasha ba ta san lissafin fasinja ba, cikarta take jira. Aka yi azahar muna zaune, ana ɗaura buhuna da awaki a sama. Iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi, zufa tana bin baya. Wani dattijo ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Yau kam akwai ruwa, in Allah Ya so." Tasha duka ta amsa da amin. Ni ma na motsa baki.

Sai ga karen motar ya zo karɓar kuɗi, ya dube ni, ya durƙusa har ƙasa. "Malam! Ina wuni? Ba ka gane ni ba? Kai ka karantar da mu aji shida." Na sa masa albarka, na tambayi iyayensa, zuciyata kuwa tana cewa yau ga shaida ta samu. Ya ce lallai sai in koma gaba kusa da direba, wurin manya, inda gilashi ya buɗe kana ganin sama duka. Na ce masa tawali'u ya fi, ni tsakiya ta ishe ni. Na matsu tsakanin wata tsohuwa 'yar Keita mai ƙullin goro da wani manomi mai sabuwar hauya.

Har muka kai Buza babu abin da ya faru sai nauyin gari. Bayan mun fita ne, muka gangaro wajen kwarin Majiya, na fara ganin layukan bedi, wato dogon yaro, sun ratsa gonaki biyu-biyu. Tun 1975 aka fara dasa su, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da mutanen ƙauyuka, ana barin tazarar kimanin mita 100 tsakanin layi da layi, don su karya iskar da ke kwashe ƙasar gona tana binne ƙaramin hatsi. Manomin da ke gefena yana nuna mini su da alfahari, yana cewa kafin su gona takan ci shuka biyu ko uku kafin hatsi ya tsaya. Ni kuwa abin da nake gani shi ne dogayen itatuwa, ɗaruruwa, kowanne ya miƙa kai sama yana gayyatar abin da nake gudu.

Ta hannun dama hadarin ya ɓullo. Da farko wani jan layi ne can ƙasa a gabas, sai ya yi ta tasowa har ya zama bango, daga ƙasa zuwa sama, ja a gindi, baƙi ƙirin a kai, walƙiya tana tsattsaga shi ba ƙara. Na san irinsa a littafi: layin hadari ne mai tsawon ɗaruruwan kilomita, daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya, kuma mafi yawan ruwan da ƙasashenmu na Sahel ke samu irinsa ke kawowa. Mata a gonaki suna tattara yara, makiyayi yana kora awaki da gudu. Cikin mota kuwa murna ta ɓarke. Wannan ya ce hatsinsa ya yi kwana goma yana jira, wancan ya ce Allah Ya sa ya kai garinsu. Tsohuwa ta taɓa ni ta ce, "Ɗana, kai baƙo ne mai goshi." Ba ta san a daidai wannan lokacin baƙon yana roƙon Allah Ya mai da hadarin holoƙo ba ne. Mota guda tana addu'a ɗaya, ni kaɗai ina warware musu ita ta ƙasa.

Ƙurar ta rufe mu, la'asar ta koma dare, direba ya kunna fitila. Tsakuwa tana bugun gilashi, ƙasa tana shiga haƙora. Sai iskar ta juya ta yi sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo, manyan ɗigo suka fara dukan rufi. Sannan tsawa ta fashe, a kanmu.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba. Na dai farga na gan ni cikin duhu mai ƙamshin sabon yadi: zanen goyon jariri ne na lulluɓe kaina da shi, goshina a kan gwiwa, hannuna ɗaya ya damƙe ƙotar hauyar manomi, wadda kanta ƙarfe ne, abin da na sha hana yara riƙewa in ana walƙiya. Tun muna ƙanana aka gaya mana aradu ba ta faɗa wa mai gaskiya, ɓarawo take nema da mai rantsuwar ƙarya. Na san ba haka ba ne, na sha ƙaryata zancen a aji. Duk da haka, ƙarƙashin zanen nan, na buɗe littafin bashi. Kuɗin mai shayi na bakin makaranta, tun kafin hutu. Littafin da na ara wurin abokin aiki na ce ya ɓace, alhali yana ƙarƙashin gadona. Allin makaranta da nake kawo wa yarana gida. Kowace tsawa da alkawarin da take karɓa. Na ɗauka a zuci nake yi, ashe a fili ne.

Sai na ji murya daga bakin ƙofa, cikin ladabi, irin na ɗalibin da ya san amsa. "Malam, ai kai ka koya muna cikin mota ba ta taɓa mutum. Ka ce jikin ƙarfen take bi." Na ce masa, daga cikin zane, "Haka ne, yaro. Ƙura nake karewa." Babu wanda ya yi dariya, wannan kuma ya fi dariyar ciwo.

Motar ta ratse babbar hanya don sauke buhuna a wani ƙauye, daga nan ta bi hanyar ƙauyuka. Can na ji ta tsaya, direba ya kashe inji. Na ɗaga gefen zane. Ƙorama ce a gabanmu, mai faɗi, mai rairayi, ruwan cikinta ko idon sawu bai rufe ba. A ƙetare, cikin hasken walƙiya, ga ɗakunan wani gari, ga soro, ga katanga mai kauri, ga duk abin da raina ke so a duniya. Nan muryata ta dawo. Ni da ban iya ɗaga kai ba tun ɗazu, ni ne na zama mai magana da yawun fasinja. "Direba, don girman Allah mu ƙetare. Wannan ɗan ruwan ko akuya ta wuce shi. Mu samu ɗaki mu fake." Har da ƙari na yi, wai akwai tsofaffi a motar, a tausaya musu.

Direban bai ko juyo ba. Ya ɓare goro ya ce, "Malam, wanga da ka gani ba shi ne ruwan ba. Ruwan na bisa dutsi, shina tahe."

Ba a daɗe ba muka ji wani gurnani daga sama da mu, ba irin na tsawa ba, mai ci gaba ba ya yankewa. Direba ya haska fitila. Abin da ya fara isowa kumfa ne da kara da kashin awaki da busassun rassa, suna birgima a kan rairayi. A bayansu ruwan ya zo, ja, mai kauri, da kansa a tsaye. Inda na ce akuya za ta wuce, kafin manomi ya gama salati wani kututture ya bi ta wurin yana juyawa, saiwoyinsa a sama. Gaɓar ƙetare tana zaftarewa gunduwa-gunduwa tana faɗawa ciki. Wannan lissafin ma na san shi: ruwan da ya cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan ɗaya ne, kuma ruwa mai gudu in ya kai zurfin santimita 60 yana ɗaukar yawancin motoci. Da direba ya ji maganar malamin makaranta, da a tsakiya za mu gamu da shi. Hadarin ƙasa maganin mai kabido: ni ina ta kare kaina daga sama, abin yana tafe ta ƙasa.

Tsohuwa ta miƙo mini ɓarin goro. Ta ce, "Ɗana, ci. Tsawa baki gare ta, ƙorama hannu gare ta." Daga nan ta shiga ba ni labarin duwatsun ƙasarsu, don ta ɗauke mini hankali, yadda ake yi wa yaro in za a yi masa allura. Tudun Adar dutse ne da fako, ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a kai duka gangarowa yake yi lokaci ɗaya ya taru a ƙorama, shi ya sa ƙorama kan kawo ko a inda ba a ga ɗigo ba. Ta ce tana da goyo a baya shekarar yunwar 1984, wadda mutanen nan ke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a lokacin. A shekarar aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, zamanin Seyni Kountché, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, hukumar abinci ta PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Maza sun tafi ci-rani Abijan da Najeriya, mata ne suka yi yawancin aikin. Su suka ɗauki duwatsu a ka suna jerawa a kan tudu, suka haƙa ramuka a jikin dutse don ruwa ya tsaya ya nutse, aka gina madatsai a ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Ta ce hadari ya sha kama su a kan tudu, babu ɗaki babu rumfa, sai su ajiye diga nesa, su tsuguna, in ya wuce su tashi su ci gaba. Na tambaye ta ko ba ta jin tsoro. Ta ce, "Ina ji mana. Amma yunwa ta hi ta ƙara." Na sauke zanen daga kaina zuwa kafaɗa. Iyakar jarumtar da na iya ke nan.

Tsawa ta yi yamma, ruwan sama ya tsagaita, ƙorama kuwa ba ta san an ɗauke ba. Direba ya sauka ya kafa kara a daidai bakin ruwa, ya dawo ya hura gawayi ya ɗora shayi. Jim kaɗan sai ya je da tocila ya duba karan. Da ruwan ya ja baya sai ya matsar da shi gaba. Haka muka kwana. Gab da asuba, da ya ga ƙasa ta fara nunawa, bai tayar da mota ba sai da ɗalibina ya naɗe wando ya shiga da doguwar sanda, yana caka rairayi taki bayan taki, don ruwa kan ƙwaƙule rami ya rufe shi da laka. Da ya kai ƙetare ya ɗaga sanda, muka sauka duka muka bi sawunsa da ƙafa, motar ta biyo mu ba kowa ciki.

Tun hantsi bai yi ba muka shiga Keita. Gari ne a kwari, tuddai kewaye da shi, jerin duwatsun da tsohuwa ta faɗa suna nan a jikinsu, da itatuwa a tsakani, ruwa ya kwanta a bayan kowane layi yana nutsewa a hankali. Duk wanda ka gamu da shi gaisuwa ɗaya ce: "Ina ruwa?" "Ruwa sun yi gyara." Na amsa da bakina, kuma a wannan safiya, rana ta fito, sama ta washe, har cikin raina nake faɗa.

Na samu raɗin suna, aka yi fatiha, aka raba goro da dabino. Na zauna kan sabuwar tabarma cikin babbar riga, ina ta karɓar gaisuwa a matsayin uban mai jego, na ɗauka abin da ya faru a mota ya tsaya a mota. Ashe tsohuwar nan maƙwabciyar surukan ƙanwata ce, kuma ta riga ni shiga cikin gida. Da na kai wa mai jego kaya, ta warware zanen goyo, ga shi a cukurkuɗe, da shatin zufa da jar ƙura. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Yaya, an ce kai ka fara sa masa albarka." Mata suka rufe baki da mayafi. Da marece ya yi, gabas ta sake haɗewa, sai surukin nata, dattijo mai dattako, ya kamo hannuna ya ce, "Malam, ka sha tahiya. Ga ɗaki can ciki, ba shi da taga, ka huta." Na yi godiya, na shiga, ban yi gardama ba.

Mai karatu zai so in ce daga ranar na warke. Ban warke ba. Mai shayi na biya shi, littafin kuwa yana nan ƙarƙashin gado, yana jiran wata tsawar. Uwargida tana ci gaba da kife madubi. Abin da ya canja ɗaya ne: na daina amincewa da shawarar da nake bayarwa in sama tana ruri, don na ga inda ta so ta kai mota guda. Tsoron da ke ɓoye kai cikin zane mai shi kaɗai yake kunyatawa. Wanda ke cewa direba ya taka, shi ke kai mutane ga halaka.

Daminar 2024 ta nuna wa Nijar duka haka. Ambaliya ta kashe mutum fiye da 300, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗaga komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Saboda haka, matafiyi, in damina ta kama ka tsakanin Madawa da Buza da Keita, ko a kowace hanya mai ƙorama, ka fita da wuri, ka sa ran kwana a hanya. In direba ya kashe mota a bakin ruwa ya kafa kara, ka bar shi ya sha shayinsa. In kuma ka ji wani dattijo daga tsakiyar mota, da zane a ka, yana rantsuwa ruwan bai kai idon sawu ba, kada a saurare shi, ko da ni ne.